Makarin Haske Daga Madaba'a: Yadda Ake Fitar da Fim Mai Kaifi Don Zanen Fanel

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mata ana ƙunshin biki ya riga ya ga tushen wannan aiki. Mai ƙunshi za ta yayyanka salatif, ta liƙa a ƙafar amarya, ta shafe da lalle. In an ɓare, inda salatif ya rufe fata na nan yadda take, inda aka bari a buɗe ya kama ja. In kuwa salatif ya ɗaga a gefe, lalle ya kutsa ƙarƙashi, zane ya jagule. Fotolitogirafi, wato fitar da zane a kan allo ta hanyar haske, haka yake, sai dai haske ne a madadin lalle, wata leda mai jin haske a madadin fata. Salatif ɗin kuma shi ne abin da nake kira makarin haske: fallen roba garai-garai da aka buga wa zane baƙi ƙirin. Masu madaba'a fim suke ce masa, kuma da wannan suna za ka nema in ka shiga shagonsu.

Na rubuta wannan jagora ne saboda ɗaliban lantarki da ke zuwa wurina lokacin aikin kammala karatu, na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, har da na kwalejin tarayya da ke Daura. Yawancinsu da biro mai tawadar dindindin suke zana hanyoyin wuta a kan allon jan ƙarfe, wanda masu gyaran rediyo da waya ke kira fanel. Hannu yana iya wannan muddin ƙafafun kayan manya ne. Da zarar an zo kan ƙaramin cif wanda tsakanin ƙafa da ƙafa rabin milimita ne, hannu ya ƙare. Alhali injin da zai yi aikin yana hannun mutanen da ke buga mana katin ɗaurin aure da kalandar masallaci.

Ba sabon abu ba ne a haɗa sana'o'in biyu, kakansu ɗaya. A 1796 wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya ƙirƙiro bugu da dutse, daga nan injin ofset na madaba'a ya samo asali, daga nan kuma sunan litogirafi ya fito. A 1996 masu bincike a ɗakin gwajin George Whitesides na Jami'ar Harvard a Amurka suka nuna cewa da injin fitar da fim irin na madaba'a ana iya samun zanen da sirantarsa ta kai maikiron 20, ba tare da jiran makarin gilashi mai tsada ba. Tun daga nan ɗakunan bincike masu yawa suka koma wannan hanya.

Fara da lissafi, kafin ka kashe ko sisi

Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kai yana tsakanin maikiron 50 zuwa 100. Inci ɗaya maikiron 25,400 ne. Lambar da ake rubutawa a jikin firinta, wato dpi, tana nufin ɗigo nawa injin ke jerawa a inci guda. Raba 25,400 da wannan lamba, ka sami girman ɗigo ɗaya. Firinta mai 600 ɗigonta maikiron 42 ne da ɗoriya. Mai 1200, maikiron 21. Injin fim mai 2400, maikiron 10.6. Mai 2540, maikiron 10 cif. Mai 5080, maikiron 5.

Nan ɗalibai ke ruɗuwa, su ɗauka firinta mai 600 za ta ba su layi mai maikiron 42. Ɗigo ɗaya ba ya zama layi abin dogaro, kamar yadda bulo ɗaya ba ya zama katanga. Ƙa'idar da nake bi ita ce layi mafi siranta a zanena ya ci aƙalla ɗigo huɗu ko biyar. Saboda haka firinta mai 600 a maikiron 200 zuwa 250 nake tsayar da ita. Injin fim mai 2400 ko 2540 yana ba da 40 zuwa 50 ba tare da fargaba ba. Wanda ke neman ƙasa da 20 ya fita daga hurumin madaba'a, sai ya nemi makarin ƙarfen kurom a kan gilashi irin na masana'antar cif, kuma wannan wata duniya ce dabam.

Ka kuma auna ledarka mai jin haske. Busasshiyar shuɗiyar ledar da aka fi samu kaurinta wajen maikiron 30 zuwa 50 ne, jan ƙarfen fanel kuma galibi maikiron 35. Layin da ya fi kaurin ledar siranta da wuya ya tsaya da ƙafarsa, komai kyan fim. Don aikin fanel, wanda ya iya fitar da maikiron 100 tsaf ya wuce buƙatar kusan duk aikin da ɗalibi zai kawo.

Baƙin ne magana

In da abu ɗaya da nake so ka riƙe daga wannan rubutu, to shi ne baƙin fim ya fi yawan ɗigonsa muhimmanci. Wata rana wani ɗalibi ya shigo da fanel duk jikinsa huda-huda kamar wanda ya yi ƙyanda. Ya ce, "Malam, na canza ruwan cin ƙarfe sau biyu, abin ya ƙi." Ruwan da ke cinye jan ƙarfen da leda ba ta rufe ba yake nufi. Na ce ya miƙo fim ɗin. Muka fita bakin ƙofa na ɗaga shi saitin rana, sai ga baƙin cike da ƙananan taurari. A kan tebur baƙi wuluk ne, a gaban haske rariya ce.

Masu fim suna auna duhu da lamba. Duhu mai lamba 1 yana barin kashi 10 cikin 100 na haske ya wuce. Mai lamba 2, kashi 1 cikin 100. Mai lamba 3, ɗaya cikin dubu. Mai lamba 4, ɗaya cikin dubu goma. Fim ɗin madaba'a na gaske yana kaiwa wajen 4, domin baƙinsa ƙwayoyin azurfa ne da hasken leza ya taɓa aka wanke da sinadari. Hodar firinta a kan roba ba ta kusa da haka. Amfanin duhu mai yawa shi ne yana ba ka sarari: ko ka zarce lokacin haskawa da kaɗan, inda aka rufe na nan a rufe.

Injina uku ne a gabanka. Na farko firintar leza ta shagon kwamfuta, wadda ke kowane lungu daga Ƙofar Ƙwaya zuwa bakin makarantu. Ita ce mafi arha kuma mafi rauni. Hoda take narkarwa da zafin da ke kusan digiri 200, zafin yana ɗan tsuke robar, kuma tsakiyar faffaɗan baƙi yakan fito fayau. In da ita za ka yi, nemi roba da aka yi musamman don leza, domin ta firintar tawada narkewa za ta yi a cikin injin mutane ta jawo maka biyan gyara. Kashe tsarin tattalin hoda, ƙure duhu. Sau da yawa takardar turesin ta masu zanen gini ta fi robar riƙe hoda, kuma duk da ido na ganinta dishi-dishi hasken da muke so yana ratsa ta. Dabarar ɗora falle biyu tana toshe huda, amma tana dakushe gefen layi, don haka ban yarda da ita ba a ƙasa da maikiron 300.

Na biyu firintar tawada tare da fim mai shafi a fuska ɗaya, irin wanda masu bugun riguna ke amfani da shi wajen ƙona raga. In an zuba tawada sosai baƙinta ya fi na leza cika, kuma babu zafin da zai tsuke robar. Kada lambobi irin 5760 da ke jikin kwali su ruɗe ka, wannan inda kan injin ke iya ajiye ɗigo ne, tawada kuwa tana malala bayan ta sauka. Buga a fuska mai ɗan kaushi, wadda ke kama jiƙaƙƙen yatsa, ka bar shi ya bushe sarai.

Na uku shi ne wanda wannan jagora ta dogara a kai: injin fitar da fim, wanda ma'aikata ke kira imejseta. Da shi ake raba launuka huɗu a fitar da fim kafin a ƙona farantin da injin ofset ke bugu da shi. Manyan madaba'u da yawa sun koma injin da ke zana faranti kai tsaye, don haka ba kowane gida ke da shi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi mai ƙaramin ofset a cikin gari inda yake fitar da fim ɗinsa, ko Kano ne, ko Kaduna, ko Shomolu ta Legas. Roƙe shi ya haɗa naka da nasa in zai aika.

Mataki na farko: shirya fayil

Zana da manhajar da ke ajiye layi a matsayin lissafi, ba hoto ba. KiCad kyauta ce kuma ta ishi aikin fanel. Inkscape ma kyauta ce. CorelDRAW ita ce yaren masu madaba'armu, in ka iya ta za ku fi fahimtar juna. Fitar da aikin a PDF. Kada ka taɓa kai JPEG ko hoton da ka ɗauka daga fuskar kwamfuta, gefen layinsu toka-toka ne, injin kuma bai san toka ba sai ya farfasa ta ɗigo-ɗigo.

Launi biyu kawai: baƙi da babu. Baƙin ya zama C0 M0 Y0 K100, wato baƙi zalla ba gamin sauran launuka uku na bugu, ka bi kowane layi ka tabbatar. Baƙin da ke kan allon kwamfuta sau da yawa gauraye ne na launuka huɗu, in ya shiga injin sai ya rabu gida huɗu, kowanne da rabin duhu. Ko K99 ka bari, injin zai ɗauka hoto ne ya zuba masa ƙananan fararen ɗigogi, ka ga ka haƙa wa kanka huda da hannunka. Mayar da duk rubutu ya zama zane, ka kuma narkar da siffofin da suka hau kan juna su zama ɗaya, domin wasu manhajoji suna mayar da mahaɗarsu fara.

In ka san injin da za a yi amfani da shi, daidaita kaurin layukanka da ɗigonsa. A injin 2540, layi mai maikiron 50 ɗigo biyar ne cif. A injin 2400 ɗigo huɗu ne da wani abu, to wani layin zai fito 42 wani 53, gwargwadon inda ya faɗa. A manyan layuka wannan ba ya damun kowa. A ƙanana shi ne bambancin hanya mai aiki da hanya yankakkiya.

Sai batun fositif da negatif, wanda ledarka ce ke yanke shi. Busasshiyar shuɗiyar leda inda haske ya taɓa ne ke taurara ya zauna, don haka hanyoyin wuta za su zama a buɗe, sauran fili duk baƙi. Fanel ɗin da ake sayarwa da shafinsa daga kamfani yawanci akasin haka ne, inda haske ya taɓa ne ke wankewa, to hanyoyin ne baƙaƙe. Ka ga mai shuɗiyar leda yana buƙatar faffaɗan baƙi, daidai inda firintar leza ta fi gazawa.

Daga nan juyin madubi. Dole fuskar da zanen ke kanta ita ce za ta kwanta a kan fanel. Saboda haka zanen saman fanel a juye ake buga shi, na ƙasa kuma a barshi yadda manhaja ke nuna shi in kana kallo daga sama. Don kada kai ya ɗaure, rubuta kalma a cikin zanen kansa, SAMA a na sama, ƘASA a na ƙasa, ta yadda kowacce za ta karantu daidai in kana kallon fuskarta a kan fanel.

A gefen zanen kuma ƙara abin da nake kira ɗan gwaji. Jera layuka biyar-biyar masu kaurin 300, 200, 150, 100, 75, 50 da 30, tazarar tsakaninsu daidai da kaurinsu. Yi jeri ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ɗaya a karkace, domin injina da yawa sun fi kaifi ta gefe ɗaya. Sa murabba'i baƙi mai santimita ɗaya don duba duhu, da layi mai tsawon milimita 100 cif a tsaye da kwance. Ban taɓa aika fim ba tare da wannan ba.

Mataki na biyu: gaban mai inji

Mutumin nan ya shekara yana fitar da fasta da kati, kuma ya saba gyara wa kwastoma aiki don ya yi kyau a ido. Wannan kirkin nasa shi ne haɗarinka. An taɓa fitar mini da fim a wani shago, yaron da ke kan kwamfuta ya ga zanen ya kusa gefe sai ya rage shi zuwa kashi 97 don ya zauna tsakiya. Ido ba ya ganin bambancin. Amma cif mai ƙafa 28 irin na allon Arduino da ɗalibai ke aiki da shi yana da ƙafa 14 a kowane gefe, tsakaninsu milimita 2.54, daga ta farko zuwa ta ƙarshe milimita 33. Kashi uku na wannan milimita ɗaya ne cur. Muka wanke, muka huda, cif ya ƙi zama.

Tun daga ranar nake zama in yi bayani. Bayan gaisuwa sai in ce, "Maigida, wannan aikin awo ne, abin da aka zana shi za a dasa wa ƙarfe. Don Allah a bar shi a kashi 100, kada a daidaita shi da takarda." Sai in roƙi a sa injin a ƙarshen ɗigonsa, a kashe sikirin, wato ɗigo-ɗigon da ake yi wa hoto, a kashe ƙarin gefen da ake yi don launuka su haɗu, kada kuma a juya mini negatif ko madubi tunda na riga na yi a fayil. Wannan na ƙarshe ka maimaita shi, domin in ka juya shi ma ya juya kun koma gidan jiya. Tambayi yaushe aka canza ruwan wankin fim. Tsohon ruwa baƙinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne. In ya ce, "Malam, jibi za mu zuba sabo," to jira jibin.

Cika fallen da kwafi uku ko huɗu na zanenka tunda da girman falle ake biya. In fanel mai fuska biyu ne, na sama da na ƙasa su fito a falle ɗaya, suna fuskantar gefe ɗaya, don in injin ya ja kaɗan ya ja su tare.

Mataki na uku: duba kafin ka bar shagon

Kunna fitilar wayarka, ka ɗora murabba'in baƙin nan a kanta. A fim mai kyau da ƙyar za ka hangi ɗigon fitilar. In tana haska maka ido, a sake. Auna layukan milimita 100 da rula ta ƙarfe, ko ma'aunin baniya in kana da shi. Sannan ka kai fim ɗin wurin mai gyaran waya ka ari madubinsa na ƙara girma minti biyar. Bi ɗan gwajin daga manya zuwa ƙanana har inda layuka suka fara haɗewa ko tsinkewa. Jerin da ke sama da wannan shi ne iyakar injin, ka rubuta. Ƙananan huda a cikin fili baƙi a toshe su da biro mai tawadar dindindin, a fuskar da babu zane.

Gane fuskar zane ba wuya: ita ce marar sheƙi, kuma in ka karci can kusurwa da allura baƙin zai fita.

Yanzu sai yanayin garinmu ya shigo. Robar fim tana miƙewa wajen maikiron 18 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. A fanel mai milimita 100, bambancin digiri goma maikiron 18 ne, kuma tsakanin asubar hunturu da azahar a Katsina an fi haka. Laima ma tana kumbura shi, fim ɗin da aka fitar a Legas zai ɗan tsuke in ya sha busasshiyar iskarmu. Don haka in ya iso, a bar shi a shimfiɗe a ɗakin aiki ya kwana kafin a yi amfani da shi. In direba za a ba daga Kano, a sa shi tsakanin kwali biyu cikin ambulan, a roƙe shi kada ya ajiye a gaban gilashin mota.

Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita ce babbar abokiyar gaba. Ƙwaya ɗaya a kan hanya mai maikiron 50 ta isa ta yanke ta, ga shi bushewar iska tana sa roba ta riƙa jawo ƙura kamar maganaɗisu. A irin wannan lokaci ina rufe taga, in yayyafa ruwa a ƙasa, in goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, in jira rabin awa kafin in buɗe ambulan. Riƙe fim ta gefe kawai.

Mataki na huɗu: haskawa

Goge jan ƙarfen da soso mai laushi har ya yi ƙyalli, wanke, busar, kada yatsa ya sake taɓa shi. A ɗaki mai duhu-duhu ko ƙarƙashin kwan fitila rawaya, ɓare siririyar ledar ciki daga cikin biyun da ke rufe da fuskokin shuɗiyar leda, ka shimfiɗa daga gefe ɗaya kana korar iska. Wuce da shi ta injin laminetin irin na katin shaida, zafi wajen digiri 105 zuwa 110, sau biyu. Bar shi ya huce minti goma sha biyar. Ledar sama tana nan, ba a cire ta sai an zo wanki.

Kwantar da fim, fuskar zane a ƙasa. Ga dalilin da nake ta nanata wannan: kaurin fim ɗin madaba'a wajen maikiron 100 ne. In ka kifa shi ba daidai ba, zanen ya tashi sama da wannan tazara, hasken da ke zuwa a karkace zai kutsa ƙarƙashin baƙi ya cinye gomman maikiron a kowane gefe. Salatif ɗin mai ƙunshi ke nan ya ɗaga. Danne da gilashi mai kaurin milimita uku zuwa biyar, a ƙasa ka sa soso siriri a kan katako, ka matse kusurwa huɗu da maƙalan takarda. Gilashin taga na yau da kullum yana barin hasken da muke so ya wuce, amma banda mai duhu irin na mota. In fanel ɗin ya lanƙwashe, miƙe shi tukuna.

Ledar tana jin hasken ultrabayolet mai tsawon zango wajen nanomita 365 zuwa 405 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron). Fitilar busar da jan farce tana yi, haka ma fitilar duba jabun kuɗi, ko jerin ƙananan kwayaye masu wannan haske. Nisantar da fitila ya fi kusantar da ita, domin haskenta ya sauko a miƙe. Santimita 25 zuwa 30 ya yi. Ka tuna in ka ninka nisa, lokaci zai ninka sau huɗu. Kada ka kalli fitilar, kifa kwali a kanta.

Amma mu a nan muna da fitilar da ta fi duka, ga ta kyauta kuma ba a ɗauke ta. Rana tana da nisan da haskenta ke zuwa kusan a miƙe sak, shi ya sa layin da aka haska da ita yakan fi na fitila mai faɗi kaifi. Masu bugun riguna sun daɗe da sanin haka. Matsalarta ƙarfinta na canzawa, ranar da hazo ya rufe gari ba ɗaya take da ranar bazara ba, kuma zafinta yana dafa leda in an daɗe. Yi tsakanin ƙarfe sha ɗaya da ƙarfe ɗaya, fanel yana fuskantar rana sosai. Kafa ƙusa a gefen katakon, in inuwarta ta ɓace ka daidaita.

Kada ka karɓi lokacin haskawa daga bakin kowa, har ni. Yanki siririn fanel, ɗora fim mai ɗan gwaji da aka maimaita sau shida ko takwas, rufe da kwali ka bar kashi ɗaya. Haska, ja kwalin ka buɗe na biyu, haska, haka har ƙarshe. A rana tazarar daƙiƙa biyar-biyar, a ƙaramar fitila daƙiƙa ashirin ko talatin. Bayan wanki za ka ga inda leda ta zube don ƙarancin haske da inda tazarar layuka ta toshe don yawansa. Zaɓi na tsakiya. In da rana kake aiki, maimaita gwajin a ranar da za ka yi aikin.

Mataki na biyar: wanki, da karanta abin da ya fito

Bayan haskawa zanen zai bayyana da shuɗi mai duhu. Ajiye a duhu minti goma sha biyar, sannan ka ɓare ledar sama. Ruwan wanki giram 10 na soda-ash ne a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi kamar digiri 30. Soda-ash na nan wurin masu sayar da kayan haɗa sabulun ruwa. An sha tambayata ko kanwa za ta yi tunda danginsu ɗaya. Za ta iya narkar da ledar, amma ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ga yashi, don haka ban ba da shawara ba. Kaɗa a hankali da burushi mai laushi kamar minti ɗaya har jan ƙarfe ya fito fes, ɗauraye da ruwa mai yawa.

Tsaya nan ka duba da madubi kafin ka jefa a ruwan cin ƙarfe, domin a wannan gaɓa ana iya cire leda a sake, bayan ta kuwa fanel ya tafi. In wani sashe ya yi kaifi wani ya dushe, matsi ne bai daidaita ba. In ko'ina tazara ta cike da siririn shuɗi, ko fim bai yi baƙi ba ko haske ya yi yawa. In ƙananan layuka suna ɗagowa, ko haske ya gaza ko jan ƙarfen bai wanku ba. In yankewar tana wuri ɗaya a kowane fanel, laifin na fim ne. In tana yawo, ƙura ce.

Cin ƙarfe da ferik kulorayid ake yi, mai ɗumi wajen digiri 40, a robar da ba ta abinci ba, da safar hannu. Kada ya taɓa kwanon silba. Ragowarsa a tara a jarka mai murfi, kada a zuba a kwata inda awaki da yara ke bi. A ƙarshe kostik soda kamar giram 30 a lita ɗaya zai ɗaga ledar. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, kuma a kare ido.

Mai fanel mai fuska biyu sai ya yi wa finafinansa aljihu. Sa alamar gicciye a kusurwa huɗu na kowane zane tun a fayil. Ɗora falle biyun a kan gilashin da ke da haske a ƙasa, fuskokin zane suna kallon juna, ka daidaita gicciyen da madubi. Samu siririn guntun fanel mai kauri ɗaya da wanda za ka yi aiki da shi, yawanci milimita 1.6, ka liƙa shi tsakaninsu a gefe ɗaya da salatif mai manne biyu. Zura fanel cikin aljihun, kama shi da ɗan salatif don kada ya motsa, matse tsakanin gilashi biyu, haska sama, juya gaba ɗaya, haska ƙasa. Kafin cin ƙarfe, huda rami ɗaya a kusurwa ta tsakiyar gicciye ka leƙa ɗaya fuskar. In ramin ya fito a tsakiyar gicciyen can, ci gaba.